Hoton Sikanin Ba Kyamara Ke Ɗaukarsa Ba: Yadda Kwamfuta Ke Gano Abin Da Ke Ɓoye Ta Hanyar Gwadawa Da Gyarawa

Idan mai juna biyu ta taso daga Kwandiko ko wani gari na ƙaramar hukumar Gwaram ta je awo a asibiti irin FMC Birnin Kudu, ɗaya daga cikin abubuwan da za a iya turata ta yi shi ne sikanin. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2016 ta ba da shawarar a yi wa kowace mai ciki sikanin sau ɗaya kafin cikin ya kai mako 24. Daga nan sai a dawo gida da 'yar takarda mai hoto baƙi da fari, maigida ya ɗauke ta da waya, wani lokaci har ta hau sitatus. Kowa hoto yake ce mata. Amma ka duba na'urar da kyau: babu gilashin kyamara a jikinta, babu fitila, kuma babu hasken da ya shiga cikin matar ya dawo. Abin da ke kan takardar nan sakamakon lissafi ne. Na'ura ta aika sauti, ta saurari abin da ya dawo, sannan kwamfuta ta zana abin da take ganin shi ne ya fi dacewa da sautin da ta ji.

Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Hoton da aka lissafa yana iya yin daidai, yana iya yin kusa da daidai, yana kuma iya fitowa tas-tas alhali kuskure ne. A wannan darasi za mu duba irin lissafin da ake yi, musamman wanda masana ke ta gogayya a kansa yanzu, wato na maimaici: kwamfuta ta yi hasashe, ta gwada, ta gyara, ta sake gwadawa. Za mu kira shi lissafin gwada-ka-gyara.

Me na'urar sikanin take ji?

Abin da ma'aikacin ke gogawa a ciki yana fitar da sauti mai kaɗawa kamar sau miliyan 2 zuwa miliyan 5 a daƙiƙa ɗaya. Kunnen mutum ba ya jin abin da ya wuce dubu 20, shi ya sa ɗakin yake tsit. Sautin ya shiga jiki, duk inda ya tarar da iyaka tsakanin abubuwa biyu, kamar ruwa da tsoka ko tsoka da ƙashi, sai wani ɓangare nasa ya dawo kamar amsa-kuwwa. Man nan mai sanyi da ake shafawa yana kore iskar da ke tsakanin na'ura da fata ne, domin da iskar na nan kusan duk sautin a nan zai juya baya.

Na'urar agogo take dubawa. Ta ɗauka cewa sauti yana gudun mita 1,540 a daƙiƙa a ko'ina cikin jiki. Da wannan, zuwa da dawowa na santimita ɗaya yana cin kusan kashi 13 cikin miliyan na daƙiƙa. Idan amsa ta dawo bayan kashi 130, sai ta ɗiga farin ɗigo a zurfin santimita 10. Haka take yi layi bayan layi har allo ya cika, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, shi ya sa ake ganin motsin jariri nan take.

Sai dai jiki bai san da wannan yarjejeniya ba. A cikin kitse sauti yana gudun kusan mita 1,450 ne, a ƙashi kuma ya ninka kusan sau biyu ko fiye. Idan sauti ya ratsa kitse mai kaurin santimita 5, na'urar za ta ajiye abin da ke bayansa da ƙarin zurfin kusan milimita 3. Ta kuma ɗauka cewa sauti a miƙe yake tafiya kamar kibiya, kuma sau ɗaya kawai yake karo ya dawo. Duka biyun ba gaskiya ba ne ɗari bisa ɗari. Sauti yana lanƙwasa, yana warwatsuwa, yana kai-komo tsakanin bango biyu kafin ya fito. Wannan ne ke haifar da inuwa da layukan bogi a allo, waɗanda ƙwararren ma'aikaci ya koyi gane su ya watsar. Tun 1958 da Ian Donald ya wallafa aikinsa a Glasgow ake amfani da wannan dabara, kuma don auna kan jariri ko duba inda mabiyiya take, ta wadatar. Tambayar masu bincike ita ce: duk wannan sautin da ya warwatse ake zubarwa a matsayin datti, me zai hana a karanta shi?

Daga amsa zuwa tambaya

Mai sayar da kankana yana ƙwanƙwasa ta ya ce maka ta nuna. Bai ga cikinta ba, daga ƙarar ya yi hukunci. Idan ka san abin da ke ciki, faɗin irin ƙarar da za ta fito abu ne mai sauƙi ga kwamfuta, domin dokokin tafiyar sauti sanannu ne. Komawa baya, wato daga ƙara zuwa abin da ke ciki, shi ne aiki. Duk abin da ake kira tomogirafi, ko CT ne, ko binciken man fetur, wannan komawa bayan ce.

Ga misalin da za ka iya bi da kalkuletar wayarka. A ce akwai ɗakunan ajiya huɗu a kulle, biyu a gaba biyu a baya, kowanne da buhunan riɗi. Ba a ba ka makulli ba, jimla kawai aka faɗa maka: layin gaba buhu 8, layin baya 12, ɓangaren hagu 6, ɓangaren dama 14.

Ka fara da sifili a ko'ina. Layin gaba 8 ne, sai ka raba daidai, 4 da 4. Layin baya 12, wato 6 da 6. Yanzu ka duba hagu: hasashenka ya ba da 10, alhali 6 aka ce, rarar 4 ke nan, sai ka cire bibbiyu, su koma 2 da 4. A dama kana da 10, ana neman 14, ka ƙara bibbiyu, su zama 6 da 8. Sakamako: gaba 2 da 6, baya 4 da 8. Duk jimlolin huɗu sun yi daidai.

To amma idan ainihin abin da ke ciki 3 da 5 ne a gaba, 3 da 9 a baya fa? Ka haɗa ka gani, shi ma 8, 12, 6, 14 yake bayarwa. Amsoshi biyu daban, awo ɗaya. Ba abin da zai raba gardama sai ƙarin awo ta wata kusurwa. A ce an faɗa maka ɗakin gaba na hagu da na baya na dama sun haɗa 12. Hasashenka 10 ya ba da, sai ka ƙara ɗaiɗaya: 3 da 6, 4 da 9. Gyaran nan ya ɓata layuka, sun koma 9 da 13, don haka ka cire rabi-rabi: 2.5 da 5.5, 3.5 da 8.5. Ka sake zagayowa za ka samu 2.75 da 5.25, 3.25 da 8.75. Kowane zagaye kuskuren na raguwa da rabi, kana matsowa kusa da 3, 5, 3, 9. Kamar ciniki ne a kasuwa: tayi, albarka, ƙari, ragi, har a haɗu.

Wani masanin lissafi ɗan Poland, Stefan Kaczmarz, ya wallafa wannan hanya a 1937. A 1970 Gordon da Bender da Herman suka sake gano ta don haɗa hoto, suka sa mata suna ART.

CT: ta fara da maimaici, ta bari, ta dawo

Ranar 1 ga Oktoba 1971 aka sa mara lafiya ta farko a na'urar CT a asibitin Atkinson Morley da ke Landan. Injiniyan da ya ƙera ta, Godfrey Hounsfield, ma'aikacin kamfanin EMI ne. Na'urar tana harba eksire ta kusurwa 180, a kowace kusurwa awo 160, jimla 28,800. Hoton da ta fitar kuwa ɗigo 80 ne a tsaye 80 a kwance, ɗakunan ajiya 6,400 ke nan da ake son sanin abin da ke cikin kowanne. Ka kwatanta da kyamarar wayarka mai ɗigo miliyan 50. Duk da haka an ga ƙarin da ke ƙwaƙwalwar matar, kuma da lissafin maimaici irin na buhunan riɗin nan aka haɗa hoton. A gwaje-gwajensa na farko a ɗakin bincike, ɗaukar awo kaɗai kwana tara yake ci, kwamfuta kuma ta yi awa biyu da rabi tana lissafi. A 1979 aka ba shi kyautar Nobel tare da Allan Cormack, haifaffen Afirka ta Kudu.

Ba a jima ba aka ajiye maimaicin. Dalili kuwa eksire a miƙe yake ratsa jiki, kuma tun 1917 Johann Radon ya nuna cewa a irin wannan hali akwai lissafin kai-tsaye da ke ba da amsa a bugu ɗaya. Ya fi sauri nesa ba kusa ba, kwamfutocin lokacin kuma ba su da ƙarfi. Sama da shekara talatin da shi aka yi ta aiki.

Abin da ya dawo da maimaici shi ne batun radiyeshon. Lissafin kai-tsaye yana son awo mai tsabta, awo mai tsabta kuma yana buƙatar eksire mai yawa. Ka rage shi, hoto ya cika da yashi-yashi, kamar hoton waya a ɗaki mai duhu. Lissafin maimaici yana iya sanin wane awo ne abin dogaro, wane ne mai rauni, ya ba kowanne nauyinsa. Daga wajen 2008 da 2009 kamfanoni irin GE da Siemens suka fara sa shi a na'urorinsu, aka samu damar rage yawan eksiren da ake harba wa mutum. Wanda aka tura daga Birnin Kudu zuwa Kano ya yi CT, musamman yaro ƙarami ko wanda za a maimaita masa sau da yawa, wannan ragin shi ya shafa kai-tsaye.

Idan igiyar ta ƙi tafiya a miƙe

Sauti da igiyar rediyo da girgizar ƙasa ba su da ladabin eksire. Ka jefa dutse a kududdufi mai turaku a ciki. Da'irar ruwan ta bugi turke na farko, ta haifar da sabuwar da'ira, wadda za ta bugi turke na biyu, ta haifar da wata, ta dawo ta sake bugun na farko. Yanzu a ce kana bakin ruwa, idonka a rufe, motsin ruwan da ya iso gaɓa kawai kake ji, aka ce ka faɗi inda kowane turke yake. Ga inda gizo ke saƙar: don ka san yadda igiyar ta bi, sai ka san inda turakun suke, don ka san inda suke kuma, sai ka san yadda igiyar ta bi.

Mafita ta farko ita ce a yi kamar ba a gani ba. A ɗauka cewa igiya sau ɗaya take karo, kuma abin da ta ratsa bai canza ta ba. Ana danganta wannan sauƙaƙawa da Max Born. A kanta Emil Wolf ya gina lissafinsa a 1969, Anthony Devaney ya faɗaɗa shi a 1982. Tana aiki idan abin da ake nema ƙarami ne kuma bai bambanta sosai da kewayensa ba. Da zarar ya yi girma ko ya yi tauri, hoton sai ya karkace.

A nan gwada-ka-gyara ya shigo da ƙarfinsa. Kwamfuta ta fara da hasashe, misali ta ce duk cikin nan ruwa ne zalla. Sai ta kwaikwayi gwajin gaba ɗaya a cikin ƙwaƙwalwarta: ta saki sauti na ƙarya a cikin wannan jiki na ƙarya, ta lissafa abin da kowane makirufo zai ji. Ta ɗora shi a kan abin da aka ji da gaske, ta fitar da bambancin. Bambancin nan shi ne zai nuna mata inda za ta gyara. Bayan gyara sai ta sake sakin sautin a cikin sabon hasashen, wanda yanzu ya fara ɗauke da lanƙwasa da karo na biyu da na uku. Weng Cho Chew da Y. M. Wang na Jami'ar Illinois sun fitar da hanyoyi biyu masu wannan tsari a 1989 da 1990, kuma har yau ana amfani da su wajen haɗa hoto da igiyar rediyo da sauti.

Wajen da ya fi burge ni shi ne yadda ake sanin inda za a gyara. Idan ɗigon hoton miliyan ne, ba zai yiwu a taɓa kowanne ɗaya bayan ɗaya a ga abin da zai faru ba, shekaru za a yi. Patrick Lailly a 1983 da Albert Tarantola a 1984, dukansu a Faransa, sun nuna wata dabara: a ɗauki bambancin nan, a mai da shi sauti, a kunna shi daga wurin makirufo yana tafiya da baya cikin lokaci, kamar ka mai da bidiyo baya. Igiyar da ke komawa za ta taru a daidai wuraren da hasashen ya yi kuskure. Duk inda ta haɗu da igiyar da ta taso daga tushe a lokaci guda, nan ne wurin gyara. Kwaikwayo biyu kacal ga kowane tushe, maimakon miliyan.

Masu neman mai ne suka fara rungumar abin, don su ke da kuɗin manyan kwamfutoci. Kafin a haƙa rijiya irin ta Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, inda NNPC ta sanar da samun mai a 2019 kuma Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin a Nuwamba 2022, sai an girgiza ƙasa da gangan, an jera dubban na'urorin saurare, an tattara amsar da duwatsun ƙarƙashi suka mayar. Daga wannan amsa ake zana abin da ke zurfin kilomitoci. Rijiya ɗaya da aka haƙa a inda ba daidai ba asarar miliyoyin daloli ce, shi ya sa ba sa ƙyashin barin kwamfuta ta yi kwanaki tana zagaye.

Tarko biyu

Na farko, ka taɓa sa maɓallin riga na farko a ramin na biyu? Sauran duk za su shiga lafiya lau, amma rigar a karkace take. Igiya tudu da kwari ce masu maimaita kansu. Idan hasashen farko ya yi nisa da gaskiya har lokacin isowar igiyar ya goce da fiye da rabin tsawonta, kwamfuta za ta haɗa tudu na farko da na biyu, ta ga bambanci na raguwa, ta ci gaba da gyara zuwa inda ba nan ba. Za ta tsaya tana mai gamsuwa da hoton da ba shi ne ba. Maganin da aka fi yi shi ne a fara da sauti mai kauri, mai doguwar igiya, wanda ba ya ganin ƙananan abubuwa amma da wuya ya ɓata hanya, sannan a riƙa ƙara siririn sauti kaɗan-kaɗan don fito da ƙananan siffofi.

Na biyu ya fi wayo. Kowane awo yana da datti a ciki: motsin mara lafiya, zafin waya, wucewar mota. A zagayen farko-farko kwamfuta tana kama manyan siffofi na gaskiya. Idan aka bar ta ta yi ta zagayawa, sai ta fara ƙirƙiro ɗigo-ɗigo da tabo don ta bayyana dattin shi ma. Lambar kuskure tana ta sauka, hoton kuma yana ta lalacewa. Tun 1902 Jacques Hadamard ya yi bayanin irin waɗannan matsaloli da ƙaramin kuskure a awo ke zama babban kuskure a amsa. Andrey Tikhonov na Tarayyar Sobiyet ya kawo magani a 1963: a sa wa kwamfuta tara duk lokacin da ta kawo amsa mai yawan tsalle-tsalle, ta yadda za ta fi son amsa mai santsi. Wannan na nufin a cikin kowane irin hoton nan akwai ra'ayin wanda ya rubuta manhajar game da yadda abu ya kamata ya kasance. Tarar ta yi yawa, ƙaramin ƙari ya narke ya ɓace. Ta yi kaɗan, a ga ƙarin da babu shi.

Rijiyar burtsatse: inda za ka ga lissafin da idonka

Ba sai ka je Landan ba. Kudancin Jigawa a kan tsohon dutse mai tauri yake zaune, irin wanda ya ɓullo sama a Birnin Kudu, inda zanen mutanen da yake a Dutsen Mesa da Dutsen Habude. A irin wannan ƙasa ruwa ba shimfiɗe yake ko'ina ba kamar a yankunan rairayi na arewa maso gabashin jihar. Yana maƙale ne a inda dutse ya ruɓe ko ya tsage. Ana iya haƙa nan a samu, a matsa kaɗan a tarar da dutse busasshe, kuɗin ƙungiya ko na masallaci ko na gida ya tafi.

Shi ya sa ake kiran masu gwajin ƙasa kafin a kawo injin haƙa. Suna kafa ƙarafa a layi, su tura lantarki ta biyu, su auna ta wasu biyun, su riƙa buɗa tazara don lantarkin ya ƙara nitsewa. A nan lantarki ne ke ratsa ƙasa maimakon igiyar sauti, amma lissafin ɗan gida ɗaya ne: hasashe, kwaikwayo, kwatanci, gyara. Ɗaya daga cikin manhajojin da aka fi sani ita ce RES2DINV ta M. H. Loke ɗan Malesiya, wadda aka gina a kan aikin da ya wallafa da Barker a 1996. Idan aka ba ku rahoto mai hoto kala-kala, ku duba saman hoton. Za ku ga kalmar Iteration da lamba, adadin zagayen ke nan, da kuma RMS error da kaso cikin ɗari, wato ragowar bambanci tsakanin hasashe da awo. Shi kansa mai manhajar ya yi gargaɗi cewa lamba mafi ƙanƙanta ba lallai ita ce hoto mafi gaskiya ba, a tsaya a inda lambar ta daina sauka sosai, wanda galibi tsakanin zagaye na 3 ne da na 5.

Sannan ku tuna da ɗakunan riɗi. Shuɗin da ke hoton yana nufin wurin da lantarki ke wucewa da sauƙi ne kawai. Ruwa na iya jawo haka, yumɓu ma na iya jawowa. A ganina matashin da ke cikin kwamitin rijiya yana da haƙƙin ya yi tambaya uku: wurare nawa aka auna, an ja layi na biyu da ya gitta na farko, kuma an kwatanta da zurfin rijiyoyin da ke kusa? Wanda ya kafa ƙarafa a wuri ɗaya ya ce ya ga ruwa tabbas, ya faɗi abin da lissafin kansa bai faɗa ba.

Daga rijiyar mai zuwa asibiti, daga asibiti zuwa waya

Lissafin masu neman mai yanzu ya shiga likitanci. A Amurka akwai na'urar SoftVue ta kamfanin Delphinus, wadda hukumar FDA ta amince da ita a 2021 don taimakawa wajen binciken kansar mama. Mace ta kwanta rub da ciki, maman ya shiga ruwan ɗumi, zobe mai ƙwayoyin sauti 2,048 ya kewaye shi. Saboda zobe ne, ana jin sautin da ya dawo, da wanda ya ratsa ya fita ta ɗaya gefen, da wanda ya warwatse. Daga nan ake zana taswirar gudun sauti a kowane ɗigo, abin da sikanin na yau da kullum ya ɗauka 1,540 ne a ko'ina. Babu radiyeshon, babu matsewa. A 2020 kuma wasu masana a Imperial College ta Landan, ciki har da masu ilmin ƙasa, suka nuna ta hanyar kwaikwayon kwamfuta da gwajin ɗakin bincike cewa irin lissafin Tarantola zai iya zana ƙwaƙwalwar mutum da sauti ta cikin ƙoƙon kai, ƙashin da ya daɗe yana hana sikanin ganin komai a kan babba. Har yanzu bincike ne. Amma ka yi tunanin amfanin na'urar da za a iya ɗauka a mota a duba mai shanyewar ɓarin jiki a gari irin Kwandiko, maimakon a yi ta gudu da shi ana neman inda CT yake.

Waya kuwa tuni ta zama allon sikanin. Philips ta fitar da Lumify a 2015, Butterfly iQ ta shigo kasuwa a 2018 a kan kusan dala 2,000. Ka jona a waya, ka buɗe manhaja, hoto ya fito. Sai dai a sani, waɗannan amsa-kuwwar nan ta gargajiya suke yi. Cikakken gwada-ka-gyara na igiya yana buƙatar makirufo ta kowane gefe da kwamfuta mai GPU masu ƙarfi, irin waɗanda 'yan gem ke mafarki. Kuma na'ura a hannun wanda bai koyi karanta inuwa da layukan bogi ba haɗari ce, ko da kuwa hoton ya fito da kyau.

Sabon salo shi ne a sa ƙirƙirarriyar basira a madadin tarar Tikhonov. Maimakon a ce wa kwamfuta ta fi son amsa mai santsi, sai a nuna mata dubban hotuna ta koyi yadda hanta ko huhu ke kama. Tun 2019 Canon da GE suka samu izinin sayar da CT mai irin wannan manhaja, tana da sauri, hoton kuma yana fita fes. Masu waya sun riga sun ga ɗaya fuskar abin. A Maris 2023 wani ya dusashe hoton wata da gangan a allon kwamfutarsa, ya ɗauke shi da Galaxy S23 Ultra daga nesa, sai wayar ta fito da wata mai ramuka da tabo waɗanda babu su a abin da ta kalla. Manhajar ta san yadda wata yake, sai ta cike gurbin. A hoton wata abin dariya ne. A hoton huhu dole a tabbatar manhaja ba ta goge abin da ba ta saba gani ba, kuma ba ta zana abin da ta saba gani a inda babu shi ba, shi ya sa ake daɗewa ana gwada su kafin a ba da izini.

Wani abu na ƙarshe da ya shafi wayarka kai tsaye. Hoton CT na zamani ɗigo 512 ne sau 512 a kowane yanki, kowane ɗigo kuma lamba ce mai matakai dubbai, likita yana buɗe su a allo yana sauya haske don ya ga ƙashi daban, tsoka daban. Idan ka ɗaga fim ɗin a taga ka ɗauka da waya, manhajar kyamara za ta goge abin da ta ɗauka datti ne, ta ƙara kaifi, WhatsApp kuma ya matse abin da ya rage. Idan za ku tura wa wani likita a Kano ko Abuja don jin ra'ayi na biyu, ku nemi a sa muku ainihin fayilolin a faifan CD ko filashi, waɗanda ake kira DICOM, ku haɗa da rubutaccen rahoton wanda ya duba. Wajen turawa ku zaɓi Document maimakon Gallery, don fayil ɗin ya isa yadda yake. Wanda aka tura wa zai iya buɗe shi da manhajar duba DICOM, akwai na kyauta a kwamfuta da waya.